Asusun masu sabon digiri a Birtaniya zai ƙare, ga bashin obadiraf a wuya: tambayoyi da amsoshi kan kauce wa kuɗin ruwa

Waɗannan tambayoyi sun shafi wanda ya gama jami'a a Birtaniya, bankinsa ya mayar da asusun ɗalibi zuwa na masu sabon digiri, kuma har yanzu asusun yana ƙasa da sifiri. Iyaye da yayye masu tallafa wa irin wannan matashi daga nesa su ma za su ƙaru. Bankuna suna sauya sharuɗɗansu lokaci zuwa lokaci, don haka duk adadin da ka gani a nan ka gwada shi da takardar yarjejeniyar da ke hannunka.

Mene ne obadiraf, kuma me ya sa ba a taɓa cire min kuɗin ruwa a kansa ba?

Obadiraf izini ne da banki ke ba ka na ci gaba da kashe kuɗi bayan naka sun ƙare, har zuwa wata iyaka da kuka yi yarjejeniya a kai. Bashi ne, ko da yake ba ya kama da bashi, tunda babu ranar da aka miƙa maka kuɗi a hannu, kuma babu wani kaso da aka yanka maka ka riƙa biya duk wata.

Bankuna suna yafe wa ɗalibai kuɗin ruwa ne domin su kama su tun suna matasa, da fatan albashinsu da bashin gidansu na gaba duk za su bi ta wurinsu. Bayan an gama karatu sai a ƙara wa mutum shekara biyu ko uku a kan haka, amma ana rage adadin da ba shi da ruwa kowace shekara. Lloyds, alal misali, ya daɗe a kan har fam 2,000 a shekarar farko, 1,500 a ta biyu, 1,000 a ta uku. Nationwide kuwa 2,500, sai 1,750, sai 1,000. Wannan ragi da gangan ake yin sa: banki na nuna maka saurin da yake so ka biya.

Me zai faru ranar da wa'adin ya cika?

A mafi yawan lokuta ba a rufe asusun. Lambarsa da katinka da duk biyan da ke fita kai-tsaye suna nan yadda suke, suna kawai ake sauyawa ya koma asusun gama-gari. Daga wannan rana duk fam ɗin da ke ƙasa da sifiri zai fara haihuwar ruwa.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke rikitawa. Iyakar da aka amince ka ci daban, adadin da ba shi da ruwa daban. Za ka iya samun iyakar fam 2,000 tana nan ba a taɓa ba, amma marar ruwan ya sauka zuwa 1,000. Manhajar banki ba za ta hana ka kashewa ba, kati zai yi aiki lafiya, sai ƙarshen wata ka ga an cire ruwa a kan abin da ya haura dubun. Ke nan ba sai asusun ya ƙare ba kafin a fara cizon mutum. Kowane sauka mataki ƙaramin ƙarewa ne.

Abu na biyu ya fi nauyi. Kusan kowace yarjejeniyar obadiraf tana cewa banki na da ikon neman kuɗinsa a duk lokacin da ya so, ko ya rage iyakar. Ba kasafai suke yin haka ga wanda albashinsa ke shiga a kai a kai ba, amma asusun da aka bari watanni ba motsi, ga shi a ƙarshen iyaka, shi ake fara waiwaya.

Nawa ne kuɗin ruwan?

Tun watan Afrilun 2020 hukumar FCA, mai sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya, ta hana bankuna cajin kuɗi na kullum ko na wata-wata a kan obadiraf. Ta wajabta musu su faɗi kaso ɗaya na shekara, kuma ta hana su tsawwala wa wanda ya ƙetare iyaka fiye da wanda ke cikinta. Da dokar ta fara aiki sai yawancin manyan bankuna suka tsaya a kusa da kashi 40 cikin 100. HSBC da Nationwide sun sa 39.9, Barclays 35, wasu kwastomomin Lloyds da Halifax har 49.9 ake cajinsu. Monzo da Starling suna da matakai uku gwargwadon tarihin bashin mutum. Kusa da adadin za ka ga haruffan EAR, ma'ana an riga an lissafa har da ruwan da ke hawa kan ruwa.

Ga yadda 39.9 yake a aljihu. Bashin fam 1,000 yana cin kimanin kwabo 92 a rana (kwabo 100 ne fam ɗaya), wato fam 28 a wata, fam 399 a shekara idan ba a taɓa shi ba. Fam 1,500 yana cin kusan fam 43 a wata, fam 2,000 kuma kusan 57. Wannan ya fi abin da yawancin katunan bashi ke caja.

Ana lissafin ne rana-rana, a kan abin da asusun ya kwana da shi, sannan a tara a cire sau ɗaya a wata. Haɗarin yana nan: wanda ke dab da iyakarsa, ruwan da aka cire shi kansa zai iya tura shi waje, daga nan a fara mayar da biyan haya ko na waya.

Ta yaya zan san ainihin ranar?

Kada ka ƙirga daga ranar bikin yaye ɗalibai. Bankuna da yawa suna amfani da ranar gama kwas da ka rubuta tun lokacin buɗe asusun ɗalibi, wasu kuma suna da rana ɗaya a damina ko farkon kaka da suke juya kowa da kowa. Idan ka maimaita shekara ko ka ƙara shekarar aikin gwaji ba ka sanar da su ba, mai yiwuwa agogonka ya fara tafiya tun kana aji.

Doka ta ce a ba da sanarwar akalla wata biyu kafin sauya sharuɗɗan asusu, sai dai takardar kan tafi tsohon adireshin ɗakin kwanan ɗalibai, ko imel ɗin jami'a da aka riga aka rufe. Gyara adireshi da imel yau. Sannan ka rubuta wa bankin ta manhaja ka yi tambaya uku: wace rana adadin marar ruwa zai sauka, nawa zai koma, kuma wane kaso za a caje ni bayan haka? Ka ajiye hoton amsar. Idan an zo gardama daga baya, shi ne shaidarka.

Saura wata takwas, ana bina fam 1,500. Daga ina zan fara?

Fara da sanin gaskiyar bashin. Duba bayanan asusunka na wata uku, ka nemo adadin da ke nan kwana ɗaya kafin albashi ya shiga. Wannan shi ne bashinka, ba abin da kake gani washegarin albashi ba.

Raba shi da yawan watannin da suka rage, ka cire wata ɗaya na ko-ta-kwana. Fam 1,500 a wata bakwai ya kama fam 215. Manufar ita ce kowane jajibirin albashi asusun ya fi na watan jiya da fam 215: daga 1,500 zuwa 1,285, zuwa 1,070, haka har sifiri. Rubuta waɗannan lambobi a inda za ka riƙa gani.

Sai ka kulle ƙofar baya. Yawancin manhajoji suna barin mutum ya rage iyakarsa da kansa, don haka duk wata ka sauke ta da abin da ka biya. Ka bar ɗan fili na fam 50 zuwa 100, kada wani biyan kai-tsaye da ka manta da shi ya zo ya buge bango. Ka sani kuma sake ɗaga iyakar daga baya sai an yi sabon bincike, kuma ana iya hana ka.

Idan ka yi lissafi ka ga fam 215 ya fi ƙarfinka, to yanzu ne lokacin neman inda za ka mayar da ragowar, ba satin ƙarshe ba. Neman sabon asusu ko kati yana ɗaukar makonni, kuma an fi amincewa da mai nema tun asusunsa bai nuna alamar wahala ba.

Ai albashina yana cike ramin duk wata. Wannan ba biya ba ne?

A'a. Wanda albashinsa fam 1,900 ne, bashinsa 1,500, yakan ga fam 400 a sama ranar albashi ya ji sanyi a ransa. Haya ta fita, kuɗin jirgi da cefane su biyo baya, kafin sati biyu ya koma inda yake. Albashin watan gobe yake ci a yau.

Dabarar da ta fi aiki ita ce raba gida. Buɗe wani asusu marar obadiraf, ka riƙa tura kuɗin kashewa na wata can, kati ɗaya tak a aljihu. Tsohon asusun ya zama na albashi da manyan biyan wata kawai, a bar abin da aka ware na biyan bashi a ciki. Wasu suna juya abin, su kai albashin sabon banki su riƙa turo wa tsohon kaso. Yana yi, amma ka karanta sharaɗi tukuna, domin asusun masu digiri da yawa sun ce dole ya zama babban asusunka, kuma idan albashi ya daina shiga suna iya janye rangwamen.

Zan iya ɗaukar bashin in koma wani banki da ba ya cajin ruwa?

Ana yi, ta hanya biyu. Idan ba ka wuce shekara biyu ko uku da gama karatu ba, wasu bankuna suna karɓar masu digiri daga waje. Sai dai daga shekarar gama karatunka suke ƙirgawa, ba daga ranar da ka zo ba, don haka ba sabon wa'adi cikakke za ka samu ba. Wasu kuma, irin su Nationwide, sai wanda ya yi asusun ɗalibi a wurinsu.

Hanya ta biyu ita ce asusun gama-gari mai rangwamen shiga. A da an san asusun FlexDirect na Nationwide da obadiraf marar ruwa na wata 12 ga sabon mai buɗewa, First Direct kuma ba ya cajin fam 250 na farko. Babu wanda ke ba da tabbacin iyakar da za ka samu. Za a iya ba ka 500 alhali kana bukatar 1,500. Yi amfani da na'urar gwajin cancanta da ke shafin bankin kafin ka cike takarda, domin ita ba ta barin tabo a tarihin bashinka.

Ƙaurar kanta ana yin ta ne ta tsarin Current Account Switch Service, wanda aka fara a 2013. Kwanakin aiki bakwai yake ɗauka. Sabon banki ne ke kwaso albashi da biyan kai-tsaye, a rufe tsohon asusun, kuma duk kuɗin da aka tura tsohuwar lamba a karkato su. Jerin matakan yana da muhimmanci: a fara amincewa da obadiraf a sabon banki, ka ga adadin a rubuce, sannan ka ba da umarnin ƙaura. Idan sabuwar iyakar ba ta kai bashin ba, ragowar yana kanka a tsohon banki kuma sai ka shirya da su yadda za ka biya. Biyan da aka ɗaura a kan lambar kati, kamar na kallon fina-finai ko wurin motsa jiki, ba ya bin ƙaura, kai za ka gyara da hannunka. Idan aka dace akwai tukwicin ƙaura, wanda yakan kai fam 100 zuwa 200, a zuba shi gaba ɗaya cikin bashin.

Na ji ana maganar katin bashi mai tura kuɗi asusu. Yaya yake aiki?

Iri biyu ne masu kama da juna a suna, kuma nan ake yawan kuskure. Na balans tiransifa bashin wani kati yake ɗaukewa, ba ruwansa da obadiraf. Na moni tiransifa shi ne ke tura tsabar kuɗi cikin asusunka na banki, ka cike ramin, bashin ya koma kan katin ba ruwa har wani wa'adi. MBNA, Virgin Money da Tesco Bank na cikin waɗanda aka sani da irinsa.

Akwai kuɗin turawa da ake cirewa sau ɗaya, yawanci kashi 3 zuwa 4. A kan fam 1,500, kashi 4 fam 60 ne. Jimla 1,560, wato fam 130 a wata idan wa'adin wata 12 ne. Da a obadiraf mai 39.9 aka bar bashin yana kwana kullum ana biyan wannan fam 130 ɗin, sai an haura wata 14, ruwan kuma ya wuce fam 300.

Ga inda abin ke lalacewa. Dole a yi turawar cikin kwanakin farko da aka ƙayyade, galibi 60 ko 90, kuma ta manhaja ko wayar kamfanin katin. Wanda ya je na'urar ATM ya ciro kuɗi da katin ya faɗa wani layi dabam mai ruwa tun daga ranar. Idan aka makara biyan mafi ƙarancin wata ko sau ɗaya, kamfanin na iya soke rangwamen gaba ɗaya, don haka a ɗaura biyan kai-tsaye tun ranar farko, kuma a sa adadin da zai kashe bashin, ba mafi ƙaranci ba. Kada a yi sayayya da katin, domin sayayya tana da nata ruwan. Ba a kuma barin mutum ya tura duk iyakar katin, akan tsaya kusan kashi 90 zuwa 95.

Babbar ɓarnar ita ce a cike obadiraf da kati a bar iyakar a buɗe. Bayan wata shida sai a wayi gari da bashi biyu. Ranar da kuɗin suka sauka, ranar za a sauke iyakar.

Ni ba tsadar ce ta dame ni ba, riba nake gudu. Mece ce mafita?

Ga Musulmi wannan ita ce tambayar farko, kuma amsar da ba ta da ja ita ce a gama biya kafin ranar. Game da kuɗin turawa na katin da aka ambata, da kuma sa hannu a yarjejeniyar da ta ƙunshi ruwa ko da ba za a kai ga biyansa ba, malamai suna da bayanai, don haka a kai wa malamin da ya san fikihun ciniki takardar sharuɗɗan ya duba, kada a wadatu da ji-ta-ji-ta.

Hanyoyi masu tsabta suna nan. Rance daga ɗan'uwa ko aboki, a rubuta adadi da ranar biya kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, a ɗaura turawa ta kai-tsaye duk wata don kada zumunci ya yi tsami. Adashi ma ya dace da wannan matsala sosai: mutum takwas, fam 200 kowanne, kwasa ɗaya fam 1,600 ce. A roƙi a ba ka kwasar da ta zo kafin ranar banki, a shiga da mutanen da aka sani kawai, domin babu wata hukuma da za ta biya ka idan wani ya gudu. Wasu ma'aikatu suna ba da rancen tikitin jirgi na shekara ba ruwa, ko gabatar da wani ɓangare na albashi. Tambayi ofishin ma'aikata. Wanda kuwa bashi ya yi wa katutu har ya kasa ɗaukar nauyin kansa, mabarta suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma National Zakat Foundation tana karɓar buƙatun Musulmi mazauna Birtaniya.

Ina da 'yar ajiya. In biya yanzu ko in jira?

Muddin bashin ba ya cin ruwa, babu asara a riƙe kuɗin a gefe har zuwa sati biyu kafin ranar, idan ka amince da kanka ba za ka taɓa ba. Masu gudun ruwa sukan ajiye a bankin Al Rayan ko na Gatehouse, inda ake raba riba bisa tsarin Musulunci. Kada dai a sa su a asusun da sai an ba da sanarwar kwana 90 kafin cirewa. Da zarar ruwa ya fara, babu ajiyar da ke kawo abin da ya kusanci kashi 39.9, don haka a biya nan take.

Abin lura ɗaya: idan ajiyar da bashin suna banki ɗaya kuma aka shiga matsalar biya, banki na da ikon ɗiba daga wannan ya cike wancan.

Rancen banki da ake biya kashi-kashi duk wata fa?

Yana da amfani ga wanda ke bukatar shekara biyu ko fiye, domin akwai ranar gamawa. Amma ƙananan rance na ƙasa da fam 3,000 sun fi tsada, kuma kason da ake tallatawa kashi 51 na waɗanda aka amince da su kawai doka ta ce a ba. Ƙungiyoyin adashin gata na unguwa, wato kiredit yuniyon, doka ta tsayar musu da kashi 3 a wata a Ingila, Sukotland da Wales, da yawa kuma ba sa kai haka. Rancen kafin albashi kuwa a nisance shi: iyakarsa kashi 0.8 a rana, kusan ninki tara na obadiraf.

In fara biyan bashin karatu na gwamnati ko wannan?

Wannan. Bashin karatu daga albashi ake cirewa, kashi 9 na abin da ya haura wani mataki ga masu digirin farko, kuma idan albashi ya faɗi ƙasa cirewar na tsayawa. Abin da ya kamata ka tuna shi ne ana fara cirewa ne a watan Afrilun da ya biyo bayan gama karatu, don haka ka sa wannan ragin cikin lissafinka.

An riga an fara cire min ruwa. Akwai abin da zai rage shi?

Tunda rana-rana ake lissafi, duk kuɗin da ya ƙara kwana a asusun ragi ne. Kuɗin da ke zaune a wani aljihun manhaja ko wani banki a dawo da su. Kamfanonin wuta, waya da inshora sukan yarda a matsar da ranar biya. Biyan fam 300 da aka jinkirta kwana 20 yana rage kimanin fam 5 da rabi a wata. Wannan na mai riƙon kai ne, domin wanda ya kashe kuɗin kafin ranar ya jawo wa kansa abin da ya fi ruwan muni.

Kada ka kashe saƙonnin gargaɗi da banki ke turowa. Idan biya ya zo babu kuɗi da safe, yawancin bankuna suna sake gwadawa da rana, don haka wanda ya zuba kuɗi kafin misalin ƙarfe biyu yakan tsira. Duk hanyoyin da aka ambata a sama, ƙaura da kati da rance, suna nan a buɗe ko bayan ruwa ya fara.

Ba ni da aiki, ba zan iya biya ba. Me zan yi?

Kira bankin kafin ranar, ka nemi sashen masu fama da matsalar kuɗi, ka faɗi halin da kake ciki ƙarara. Dokokin FCA sun wajabta musu sassauci ga wanda ke cikin ƙunci, kuma daga abin da suke iya yi akwai dakatar da ruwa na wani lokaci, ko tsara ragin iyaka a hankali. Je da lissafin shiga da fitarka a rubuce. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don kunya, domin karya shiri ya fi rashin yin sa illa. Tambaye su kuma yadda shirin zai bayyana a tarihin bashinka.

Kafin haka, duk kuɗin da ke shigo maka a mayar da su wani banki da ba shi da alaƙa da wannan. Manyan bankuna tara doka ta ɗora musu ba da asusu na asali, kyauta, marar obadiraf. Haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da abinci suna gaban bashin banki.

Ƙungiyoyin StepChange, National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawara kan bashi kyauta. Duk kamfanin da ya nemi kuɗi kafin ya taimaka, a bar shi. Ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara ake shiga shirin Breathing Space, wanda aka fara a Mayun 2021 a Ingila da Wales: kwana 60 ba ruwa, ba tara, ba matsin masu bin bashi. Sukotland tana da nata tsarin. Idan kana ganin bankin bai sanar da kai ba ko bai yi maka adalci ba, shigar da koke a rubuce. Suna da mako takwas su amsa, daga nan kana da wata shida ka kai wa Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin bankuna da kwastomominsu, shi ma kyauta.

Wannan zai ɓata min suna wajen neman bashin gida?

Zama cikin iyakar da aka amince ba laifi ba ne a idon Experian, Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, amma adadin yana bayyana, kuma masu ba da bashin gida sukan nemi bayanan asusu na wata uku su gani ko kana rayuwa a ƙasa da sifiri. Abin da ke yin illa sosai shi ne ƙetare iyaka, biyan da aka mayar, da kuma a rubuta ka kasa biya, wanda ke zama shekara shida. Neman kati ko asusu da yawa a jere shi ma yana rage daraja. Nemi ɗaya, wanda gwajin cancanta ya nuna kana da dama. Yin rajistar zaɓe a adireshinka yana taimakawa, kuma 'yan Najeriya, Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da damar yi a matsayinsu na 'yan ƙungiyar Commonwealth.

Na zo da bizar karatu, kuma zan koma gida. Ya abin yake?

Yawancin waɗanda suka zo da bizar karatu ba a ba su irin wannan obadiraf tun farko, domin bankuna kan nemi zaman shekara uku a ƙasar. Wanda ya samu kuma zai tafi, ya sani bashin ba ya mutuwa a filin jirgi. Ruwa zai ci gaba da hawa, a rubuta ya kasa biya, a iya sayar da bashin ga kamfanin karɓar bashi, ko a samo hukuncin kotu a tsohon adireshinsa ba ya nan, wanda shi ma shekara shida yake yi a rajista. Biya daga gida da naira ko sefa kuwa yana hannun canji.

Kafin tafiya a soke duk biyan kai-tsaye, a jira ruwan watan ƙarshe ya fito domin a baya yake zuwa, a biya shi, sannan a rufe asusun a karɓi takardar shaidar rufewa. Idan ba za a iya gamawa ba, a bar wa bankin imel da lambar waya masu aiki, a tsara abin da za a riƙa turowa.

Na gama biya. In soke obadiraf ɗin gaba ɗaya?

Sauke shi zuwa fam 100 ko 200, gwargwadon biyan kai-tsaye mafi girma da zai iya zuwa kafin albashi, ko ka soke idan ka san hannunka. Fam 215 ɗin da ka saba cirewa duk wata kuma ka ɗaura shi ya riƙa tafiya asusun ajiya washegarin albashi. Cikin wata bakwai za ka tara daidai abin da banki ya taɓa ranta maka. Ka duba bayanin wata mai zuwa ko akwai ragowar ruwa na kwanakin ƙarshe, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ka duba rahoton bashinka ka tabbatar ya nuna sifiri.